Ɗan Wasa da Tauraro a Wasan Kaboyi na Talabijin: Nazarin Gidan Cartwright a Cikin Bonanza

A fagen nazarin adabin Hausa kalmar "tauraro" tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda sau da yawa akan cakuɗa su. Manazarta ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo suna nufin mutumin da ke cikin labari, watau wanda marubuci ya ƙaga ya ba shi suna da hali. Su kuwa 'yan kallo in sun ce tauraro, galibi suna nufin ɗan wasan da ya yi fice ne. A wasan dandamali, wanda akan yi dare ɗaya a watse, raba waɗannan biyu ba shi da wuya, domin gobe wani ɗan wasa dabam yana iya hawa ya ɗauki matsayin ba tare da kowa ya ce uffan ba. Amma wasan talabijin da ake nunawa mako-mako har shekara da shekaru, al'amarinsa dabam ne. A nan fuskar ɗan wasa da muryarsa da tafiyarsa sukan zama su ne tauraron kansa. Mun ga haka a nan gida, inda da yawa daga cikin waɗanda suka san Samanja ba su san sunan Usman Baba Pategi ba, haka nan Kasagi ya danne sunan Umaru Ɗanjuma Katsina.

Wannan maƙala za ta dubi wannan haɗuwa ta ɗan wasa da tauraro a cikin Bonanza, ɗaya daga cikin fitattun wasannin kaboyi na talabijin ɗin Amurka. A duk tsawon maƙalar, "tauraro" na nufin mutumin cikin labari, "ɗan wasa" kuwa mutumin da ya fito a madadinsa. Abin da muke son nunawa shi ne, an gina taurarin wannan shiri ne a kan kada su sāke, kada su yi aure, kada su tsufa, alhali kuwa 'yan wasan da ke ɗauke da su 'yan Adam ne masu gajiya da fushi da mutuwa, kuma daga wannan saɓani ne tarihin shirin ya fito.

Asalin shirin

Kalmar "kaboyi" ta shigo Hausa daga Ingilishi ta ƙofar gidajen silima, kuma asalinta makiyayin shanu a kan doki a yammacin Amurka. A ƙarshen shekarun 1950 wannan nau'in labari ya tashi daga silima ya mamaye talabijin, har ya kasance a 1959 akwai shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 da ake nunawa da dare a manyan tashoshin ƙasar. A cikin wannan cinkoso ne tashar NBC ta fara nuna Bonanza ran 12 ga Satumba, 1959, kuma ba ta daina ba sai ran 16 ga Janairu, 1973. Zango 14 ke nan, kashi 431. Daga cikin wasannin kaboyi na manyan tashoshin talabijin na ƙasar Gunsmoke ne kaɗai, wanda ya yi daga 1955 zuwa 1975, ya fi shi daɗewa.

Ya kamata a san cewa ciniki ne ya raya shirin tun yana jariri. Kamfanin RCA, wanda ya mallaki NBC a wancan lokaci, yana ƙera akwatunan talabijin masu launi, yana kuwa bukatar abin da zai sa mutane su saya. Saboda haka aka ɗauki Bonanza da launi tun daga kashin farko, a zamanin da akasarin shirye-shirye baƙi da fari ne. Shekaru biyu na farko ana nuna shi ran Asabar, yana karo da Perry Mason na tashar CBS, bai yi wani tasiri ba, kuma launin nan ne ya hana a soke shi. A 1961 aka mai da shi daren Lahadi, kamfanin motoci na Chevrolet ya ɗauki nauyinsa, daga nan ya bunƙasa har ya zama shirin da aka fi kallo a Amurka shekara uku a jere, daga 1964 zuwa 1967.

An kafa labarin a yankin Nebada wajen shekarun 1860, kusa da garin Virginia City da tafkin Tahoe. Wurin na gaskiya ne. A 1859 aka gano babbar jijiyar azurfa da ake kira Comstock a can, mutane suka yi ta kwarara, gari ya tashi kamar a mafarki. Shi kansa sunan shirin kalmar Sifaniyanci ce da mahaƙa ke faɗa in sun faɗa a kan ma'adini mai yawa. Marubutan sukan ɗebo mutanen tarihi su sa a ciki, alal misali Samuel Clemens, wanda ya yi aikin jarida a Virginia City kafin duniya ta san shi da sunan Mark Twain.

Gidan da babu mace

Wasan kaboyi na asali labarin mutum ɗaya ne, baƙo marar gida, wanda yakan shigo gari a kan doki, ya kashe azzalumi, ya kama hanya. David Dortort, wanda ya ƙirƙiro Bonanza, ya juya wannan tsari. Maimakon baƙo sai ya kawo mai gida, maimakon mutum ɗaya sai ya kawo huɗu: Ben Cartwright da 'ya'yansa maza uku, Adam da Hoss da Joe, wanda ake kira Little Joe, watau Joe ƙarami. Suna zaune a wani makeken gandun kiwo da katako mai suna Ponderosa, wanda a cikin labarin aka ce ya kai murabba'in mil 1,000. Dortort ya bayyana cewa yana son ya nuna uba mai kwarjini ne, domin a ganinsa wasannin barkwanci na lokacin sun mai da uba abin dariya a gidansa.

Wanda ya san tsarin gandu a ƙasar Hausa ba zai rasa gane wannan gida ba. Ƙasa ta uba ce, 'ya'ya baligai suna aiki a ƙarƙashinsa, tukunya ɗaya ake ci, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. Har ila yau 'ya'yan uku 'yan uba ne, kowa da uwarsa. Uwar Adam, Elizabeth, 'yar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ce a Boston, ta rasu wajen haihuwarsa. Uwar Hoss, Inger, mutuniyar Suwidin ce, kibiya ta kashe ta a kan hanyar ayari zuwa yamma. Uwar Joe, Marie, daga New Orleans take, tana da jinin Faransa, ta faɗo daga kan doki ta mutu. An nuna labarin kowacce a kashi na musamman tsakanin 1961 da 1963, ta hanyar tuna baya.

Wannan dabara ta uwa uku tana da amfani biyu ga marubuci. Na farko ta ba shi hujjar da zai sa 'yan'uwa uku su bambanta a kama da hali kamar ba gida ɗaya suka fito ba: Adam mai ilmi da nazari da kamun kai irin na mutanen gabas, Hoss ƙato mai taushin zuciya, Joe mai zafin kai da son mata. In aka lura, uwayen uku sun fito ne daga sassa uku na al'ummar Turawan Amurka, watau tsofaffin mazauna arewa maso gabas, da sababbin baƙi daga Turai, da mutanen kudu, ta yadda gidan ya zama tamkar ƙasar ce aka taƙaita a falo ɗaya. Na biyu kuwa, da yake matan ba su zauna tare ba, ɗaya ta mutu kafin a auri ɗaya, babu kishi, babu ɗaki-ɗaki, babu 'yan ubanci. An sami ribar bambancin uwa ba tare da an biya kuɗinta ba.

Amma a nan ne kamar da ke tsakaninsa da gandu ta ƙare. Gandu yana rayuwa ne da aure: uba ya yi wa ɗa aure, a yi masa sashe, a haifi jikoki, wata rana gandun ya rabu kowa ya kafa nasa. A Ponderosa wannan ƙofa a rufe take. Duk macen da ɗaya daga cikin mazan nan huɗu ya so, kafin kashin ya ƙare ko ta mutu, ko ta kamu da ciwon da ba ya warkewa, ko ta bar gari, ko a gano mayaudariya ce. Abin ya yi yawa har ya zama abin ba'a ga 'yan kallo da su kansu 'yan wasan. Dalili kuwa a fili yake. Aure yana kawo canji, shi kuwa shirin da ake sayar wa tashoshi su nuna kashi-kashi ba bisa jeri ba, ba ya son canji. Dole kowane mako a tarar da gidan yadda aka bar shi.

Wannan ƙin canji ya kai har ga tufafi. Bayan zangunan farko sai aka tsayar wa kowane tauraro kaya iri ɗaya da ba ya sākewa: Ben da falmaran ta fata, Adam baƙaƙen kaya tun daga malafa har takalmi, Hoss da doguwar malafa mai tsayin kai, Joe da koriyar kwat da bindiga a kwiɓin hagu, domin ɗan wasan bahago ne. An yi haka ne don tsimin kuɗi, saboda a iya sake amfani da hotunan sukuwa da aka riga aka ɗauka aka ajiye, a kuma sauƙaƙa aikin masu tsaya wa 'yan wasa a wuraren haɗari. Amma sakamakonsa ya wuce batun kuɗi. Tauraro ya zama alama da ake ganewa daga nesa, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ba ya bukatar a gabatar masa da Gizo.

Mutanen da ke cikin kayan

Babu ɗaya daga cikin 'yan wasan huɗu da ya shahara sosai kafin 1959, kuma da gangan aka yi haka. Don kada wani ya ɗaga kai bisa wani, akan juya jerin sunayensu a farkon shiri, wanda ya zo farko wannan mako ya koma baya a mako mai zuwa.

Lorne Greene, wanda ya fito a matsayin Ben, ba ma Ba'amurke ba ne. An haife shi a Ottawa ta ƙasar Kanada a 1915, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne babban mai karanta labarai a rediyon Kanada, kuma saboda kaurin muryarsa da munanan labaran da yake karantawa aka yi masa laƙabi da muryar halaka. Wannan murya ita ce jarin Ben Cartwright. A kashe-kashen farko an rubuta Ben a matsayin tsoho mai tsawa, wanda ke tarbar baƙo da bindiga, Greene ne ya matsa aka sassauta shi ya zama dattijo mai sauraro da sulhu. Ga misali na farko ke nan na ɗan wasa ya gyara tauraro. Abin lura kuma, shekara 13 kacal Greene ya ba waɗanda suka fito a matsayin manyan 'ya'yansa biyu. Furfura da murya ne suka cike gurbin sauran shekarun.

Dan Blocker, mai fitowa a Hoss, shi ne ya fi kowa nisa da tauraronsa a wajen ilmi, ya kuma fi kowa kusa da shi a idon jama'a. An haife shi a jihar Texas a 1928, ya yi aikin soja a yaƙin Koriya, yana da digiri na biyu a fannin wasan kwaikwayo, kuma ya koyar a makaranta kafin ya shiga wannan sana'a. Amma abin da duniya ta sani shi ne ƙaton nan mai yawan ci, mai jin kunyar mata, mai tausayin dabbobi da miskinai, wanda kowane ɗan damfara ke iya yi wa wayo. A ganinmu Hoss ne ginshiƙin shirin na ainihi. Shi ne ke ɗauke da kashe-kashen ban dariya, shi ne kuma ke shiga tsakani in Adam da Joe sun yi zafi. Ta bakinsa marubuta kan faɗi gaskiyar da in ta fito daga bakin Ben za ta yi kama da wa'azi.

Michael Landon, watau Joe, sunansa na yanka Eugene Orowitz, an haife shi a 1936. Ya shiga shirin yana ɗan shekara 22, ana kallonsa a matsayin kyakkyawan saurayin da zai jawo 'yan mata ga akwatin talabijin. Shi kaɗai ne ya mai da shirin makaranta. Ya fara rubuta labarin kashi a 1962, ya fara ba da umarni a 1968, kuma a shekarun ƙarshe kusan babu wanda ya kai shi faɗa a ji a kan abin da za a ɗauka. Joe na cikin labari bai taɓa fita daga matsayin auta ba, amma Landon ya girma ya zama mai gida a bayan kyamara.

Na huɗu shi ne Pernell Roberts, kuma a kansa ya kamata a daɗe, domin shi ne ya ƙi yarda tauraro ya haɗiye shi. An haife shi a jihar Jojiya a 1928, ya sami horonsa a dandamali, inda ya yi wasannin Shakespeare. Tun da wuri ya fara kuka da shirin a bainar jama'a. Yana ganin labaran ba su da zurfi, yana kuma ganin rashin hankali ne a ce namiji mai shekara talatin da wani abu, mai ilmin gine-gine, ba ya iya yanke shawara sai ya nemi izinin uba. Bugu da ƙari ya soki yadda ake ba Turawa matsayin mutanen da ba Turawa ba, kuma a 1965 yana cikin waɗanda suka yi tattakin neman 'yancin baƙaƙen fata daga Selma zuwa Montgomery. Da yarjejeniyarsa ta ƙare a wannan shekara, bayan zango shida, sai ya tafi, alhali shirin yana kan ganiyarsa.

Masu shirin sun ga alamar tafiyar tun da sauran lokaci, suka yi tanadi. A zangon 1963 zuwa 1964 suka kawo wata bazawara, Laura Dayton, aka yi mata baiko da Adam, da nufin in ya yi aure ya bar gida. Suka kuma kawo ɗan ɗan'uwan Ben, Will Cartwright, wanda Guy Williams ya fito a madadinsa, don ya gaji gurbin. Da Roberts ya yarda ya ƙara shekara ɗaya, sai aka juya labarin, Laura ta auri Will, su biyun suka bar gari. Watau har a lokacin da aure ya zo bakin ƙofa, sai da aka san yadda aka yi aka tura shi gidan maƙwabci. Da Adam ya tafi daga baya, ba a kashe shi ba, ba a kuma ba wani ɗan wasa kayansa ba. An ce ya yi tafiya, aka riƙa ambatonsa jefi-jefi, daga bisani aka yi shiru.

Ko Roberts yana da gaskiya? A kan batun uba da ɗa, muna ganin ya auna shirin da ma'aunin da ba nasa ba, domin Adam ba mutum ne da ake jiran ya girma ba, matsayi ne a cikin gida, watau babban wa. A kan batun launin fata kuwa maganarsa tana da nauyi, ko da yake shirin ya yi ƙoƙari fiye da takwarorinsa. A 1964, shekarar da aka kafa dokar haramta wariyar launi a Amurka, an nuna kashin da William Marshall ya fito a matsayin Thomas Bowers, baƙin mawaƙin da aka zarga da cewa bawa ne gudajje. A 1969 Landon ya rubuta ya kuma ba da umarnin wani kashi da Ossie Davis ya fito a ciki, a kan iyalin baƙar fata da maƙwabta suka tsangwama. Sai dai a irin waɗannan labarai kullum Cartwright ne mai ceto, wanda aka zalunta baƙo ne na mako ɗaya. Tambayar da shirin bai taɓa tsayawa a kanta da gaske ba ita ce yadda aka yi mutum ɗaya ya mallaki ƙasar da kabilun Washoe da Paiute ke zaune a kanta tun kafin zuwan Bature.

Na biyar a gidan

Akwai mutum na biyar da ke kwana a Ponderosa wanda ba a jera hotonsa da na masu gida a farkon shiri, shi ne kuku Hop Sing, mutumin Sin. Shi ne ke yin aikin da uwar gida za ta yi, girki da wanki da faɗan a wanke hannu kafin a ci abinci, kuma da shi aka toshe gurbin macen da aka hana shiga. Victor Sen Yung, wanda ya fito a wannan matsayi a kashi fiye da 100, haifaffen San Francisco ne na 1915, ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya, Ingilishinsa kuwa garau yake. Amma aikinsa shi ne ya yi magana da gurɓataccen Ingilishi, ya yi fushi, ya yi barazanar komawa Sin, a yi dariya. Ga mai nazarin harshe wannan misali ne mai kyau na yadda wasan kwaikwayo ke amfani da karyayyen harshe ya nuna matsayin mutum a cikin al'umma, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne a wasanninmu. Sinawa kuwa sun taka rawa ta gaske a tarihin yankin, a ma'adinai da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da aka gama a 1869, kafin dokar 1882 ta hana ma'aikatansu shiga ƙasar. Sen Yung ya rasu a 1980 cikin ƙuncin rayuwa, kuma Pernell Roberts ne ya yi jawabin ban kwana a wajen jana'izarsa.

Rushewar gidan

Bayan tafiyar Adam shirin ya ci gaba shekara takwas, abin da ya nuna cewa ana iya cire babban wa gida ya tsaya. An yi ta kawo masu cike gurbi: David Canary a matsayin Candy, shugaban ma'aikatan gandu, daga 1967, sai Mitch Vogel a matsayin maraya Jamie, wanda Ben ya ɗauka ɗa, daga 1970. Shigowar Jamie tana nuna matsalar da ƙin aure ya haifar. Auta ya haura shekara 30, gidan yana bukatar yaro, kuma tun da babu matar da za ta haifa, dole a samo shi daga waje.

Ran 13 ga Mayu, 1972, Dan Blocker ya rasu yana da shekara 43, bayan an yi masa aikin madaciya gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu. Landon ya riga ya rubuta kashin buɗe zango na 14, mai tsawon sa'a biyu, wanda a cikinsa Hoss zai yi aure a ƙarshe. Babu wanda ya kawo shawarar a nemo wani ƙato a sa masa doguwar malafar. Sai aka bar Hoss ya mutu tare da Blocker, aka mai da labarin auren kan Joe. A cikin kashin Joe ya auri Alice, ta sami ciki, sa'an nan wasu miyagu suka kashe ta suka ƙone gidan. Ko a wannan karo dokar gidan ba ta karye ba, amma 'yan kallo sun gane cewa kukan da Greene da Landon suke yi a gaban kyamara ba na Alice kaɗai ba ne.

A wannan zango kuma NBC ta ɗauke shirin daga daren Lahadi ta kai shi Talata. Masu kallo suka ragu ƙwarai, a watan Nuwamba na 1972 aka ba da sanarwar soke shi, ba tare da an ba marubuta damar rufe labarin ba. Kashin ƙarshe, wanda Landon ya rubuta ya ba da umarni, labarin Joe ne shi kaɗai a daji wani mahaukaci yana farautarsa.

Taurarin sun ci gaba da bin 'yan wasan bayan an rufe Ponderosa. Landon ya koma matsayin uba a Little House on the Prairie daga 1974, inda a wannan karo aka sa mata da 'ya'ya mata a tsakiyar gida, ya rasu da ciwon daji a 1991. Roberts, wanda aka yi ta cewa ya kashe kansa a sana'a, ya dawo da Trapper John, M.D. daga 1979 zuwa 1986, kuma shi ne ya fi sauran ukun tsawon rai, sai a 2010 ya rasu. Greene, wanda ya rasu a 1987, ya fito a 1977 a cikin Roots a matsayin John Reynolds, Baturen da ya fara sayen Kunta Kinte. Masu shirya Roots sun zaɓi irin waɗannan fuskoki da gangan, domin Ba'amurken da ya shekara 14 yana kallon wannan dattijo a matsayin uba nagari ya gan shi a kasuwar bayi yana taya ɗan Adam.